Kiwon da Ake Yi da Ido

Duk wanda ya tashi tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni a Kano ya san kiwo tun kafin ya san allo. Ga akurkin kaji a bayan ɗaki, ga tukwanen tattabaru jere a kan katanga, ga ragon layya ɗaure a ƙofar gida ana bin sa da dusa da harawa tun Babbar Sallah na da sauran watanni. Yaro ya tara 'yan canjinsa, ya nufi wajen 'yan kaji a Kasuwar Tarauni, ya dawo da 'yan shila biyu a kwali, shi ke nan ya zama mai dukiya. Kowane kiwo a cikin waɗannan, ko riba ce ke riƙe da shi ko sabo: ko dabba ta kawo kuɗi, ko ta san takunka ta taso ta tarye ka. Hatta gardi, mai yawo da kura da gwaggon biri, mai zuba kunamu a ƙirjinsa a bakin kasuwa, don ido ya gani a watsa masa kuɗi yake yi.

A Amurka da Ingila da Jamus kuwa akwai waɗanda suka rungumi wani kiwo da ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Tarantula suke ajiyewa, ƙaton gizo-gizon nan mai gashi wanda in ya miƙe ƙafafunsa takwas zai rufe tafin hannun babban mutum. Ba ta gadi, ba ta kuka, kuma ko shekara 20 ka yi kana ba ta abinci ba za ta bambanta ka da ɓarawo ba. Jin farko abin dariya ne. Sai mutum ya bi yadda gwanayensu ke tafiyar da aikin kafin ya gane cewa fasaha ce ta lura, da ta sanin lokacin da ya kamata hannu ya tsaya a aljihu. Ni a wurina ta fi wasan gardi wuya, domin gardi yana da 'yan kallo masu ƙara masa ƙarfin gwiwa, shi kuwa wannan daga shi sai akwati.

Irin tarantula ya haura 1,000, halayensu kuma sun sha bamban. Cikin waɗanda ake miƙa wa ɗan koyo akwai mai ruwan ƙasa, wadda masana ke kira Aphonopelma hentzi, mazauniyar ramuka a filayen ciyawa na Teksas da Oklahoma da Kansas da Arkansas har zuwa Kolorado. Miƙewar ƙafafunta takan kai santimita 10 ko ta ɗan ɗara. Tafiyarta a hankali, fushinta nesa, in an dame ta ta fi son ta juya ta shige rami. Macen takan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun wanda ya iya. Wato saurayin da ya sayi ƙaramarta yana ajin ƙarshe na sakandare zai iya aurar da 'yarsa ta fari tana nan da ranta a kusurwar ɗaki. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya sake shawara, musamman mu da muka taso da hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba.

Tun daga ɗakin da za a yi mata ake gane gwani. Ɗan koyo yana son burgewa, sai ya sayo dogon akwatin gilashi irin na kifin ado, ya barbaɗa 'yar ƙasa a gindi, ya jera duwatsu masu kyau. Kabari ya gina mata bai sani ba. Tarantula tana iya hawa gilashi, amma jikinta ba ya ɗaukar faɗuwa. Tumbinta mai taushi ne, cike da ruwa, kuma faɗuwar da ba ta kai kamu ɗaya ba in ta zo a kan dutse tana iya fasa shi. Saboda haka gwani faɗi yake nema: akwati mai faɗin miƙewar ƙafafunta sau biyu ko uku, a cika shi da ƙasa har fiye da rabi, yadda ratar da ke tsakanin ƙasa da murfi ba za ta wuce miƙewa ɗaya da rabi ba. Ƙasar kuma wadda taki da maganin ƙwari ba su taɓa ba, ko niƙaƙƙen ɓawon kwakwa, a danne ta sosai kada ramin da za ta haƙa ya rufta. A binne rabin fasasshen kasko ya zama maɓoya. Murfi na roba mai ƙananan huji. Ragar waya irin ta taga haɗari ce, domin 'yan faratan da ke ƙarshen ƙafafunta suna maƙalewa, ta yi ta reto har ƙafa ta cire. Sai ɗan kwanon ruwa marar zurfi. Iyakar kayan ɗakin ke nan.

Yawancin abin da aka rubuta a kan wannan kiwo, har da littafin Stanley Schultz da matarsa Marguerite wanda masu kiwon suka daɗe suna bi, a ƙasashen sanyi aka rubuta shi, inda damuwar ita ce ɗumama ɗaki. A Kano lissafin juyewa yake. Wannan halitta ta fi sakewa tsakanin digiri 21 da 27, mu kuwa a Afrilu 40 ba baƙo ba ne. A daji in rana ta take sai ta gangara can ƙasan rami; a akwati ba ta da wurin gudu sai zurfin da mai ita ya ba ta. Ɗakin kwano mai fuskantar yamma a unguwar Hausawa ko Unguwa Uku, akwati a bakin taga, kafin la'asar an gama. Wanda zai gwada a nan sai ya nemi ɗakin da rana ba ta duka, ya ɗora akwati kan ɗan gajeren benci kusa da randa, ya ƙara zurfin ƙasa, kada kuma ya jingina ranta da na'urar sanyaya ɗaki, tunda wuta baƙuwa ce.

Babban abokin gaba a gidajenmu ma ba zafin ba ne, maganin sauro ne. Fiya-fiya, da na fesawa, da mai hayaƙi da ake kunnawa da magariba, duk ba su tambayar wane ƙwaro ne na gida. Wanda ya ɗaura gidan sauro mai magani sai ya wanke hannu kafin ya taɓa kwanon ruwanta, turaren wuta kuma a kai shi wani ɗakin. Ga kiyashi, wanda in ya ji ragowar abinci zai yi layi ya shiga. Tsohuwar dabarar sa ƙafafun benci cikin gwangwanayen ruwa ita ce maganinsa.

Abincinta gyare ne, da kyankyaso, da fara, masu rai. Babba takan ci ɗaya ko biyu a mako, ko ma a mako biyu. Idanunta takwas amma ganinta kaɗan ne. Motsin ƙasa da na iska take ji ta gashin ƙafafunta, ta yi lamo har gyare ya zo daf, sannan ta cafke kafin ka ƙifta. Ruwan narkarwa take zuba masa ta tsotse, ta bar ɗan dunƙule wanda za a cire da hantsaki washegari. Sai dai kyankyason bayan gida da farar gona ba a san abin da aka fesa musu ba. Don haka mai kiwon tarantula na gaske yakan wayi gari da kiwo na biyu: bokitin roba cike da kwalin ƙwai, kyankyasai na hayayyafa a ciki, yana ba su dusa da ɓawon karas. A nan garin, kafin a kai ga wannan sai an tsallake uwargida: "Malam, abin da nake bi da tsintsiya kullum shi ne yau ka ɗebar wa dusa?"

Sai kuma ranar da za ta ƙi ci. Mako ya wuce, wata ya wuce, wata uku. Wata takwararta mai sanyin hali daga busassun yankunan Chile an san ta da yin shekara cur ba ta taɓa komai ba, kuma lafiyarta ƙalau. Ɗan koyo ba ya iya jure wannan. Ya sauya mata ƙasa, ya sauya akwati, ya tura mata gyare biyar, ya tono ta daga ramin da ta toshe wai ya ga ko tana raye, duk yana ƙara mata wahala. Gwani tumbi yake kallo. Muddin ya kai girman ƙoƙon gabanta ko ya ɗan fi, kuma bai yamutse ba, to babu yunwa. Ya cire gyaren da ba a ci ba bayan kwana ɗaya, ya cika ruwa, ya rubuta kwanan wata a littafinsa, ya tafi harkarsa.

Sau da yawa ƙin cin nan share fagen saɓa ne, kuma a wajen saɓa ilimin yake. Tarantula ba ta da ƙashi a ciki, fatarta ce ƙashinta, fatar kuma ba ta miƙewa. In za ta girma dole ta fita daga cikinta gaba ɗaya. Ƙarama takan yi haka sau da yawa a shekara, babbar mace sau ɗaya a shekara ko a shekara biyu. Mai ido yana ganin abin tun yana tafe: launi ya dusashe, tafiya ta yi nauyi, ɗan sanƙon da ke bayan tumbi ya tashi daga ja-ja ya koma baƙi wuluk yana sheƙi, sabon gashi ke nan yana nunawa ta ƙarƙashin tsohuwar fata. Sannan ta saƙa 'yar shimfiɗa ta yana a ƙasa, ta kwanta rigingine, ƙafafu a sama, ta daina motsi.

Allah kaɗai ya san tarantula nawa aka zubar a shara a wannan hali ana zaton sun mutu, da nawa aka juya don tausayi aka kashe su da hannu. Abin da gwani ya sani shi ne tarantula ba ta cika mutuwa a rigingine ba. Mai mutuwa a kife ake samun ta, ƙafafu a naɗe ƙarƙashin jiki. Dalilin yana cikin ƙirar ƙafar: akwai tsokar da ke lanƙwasa ta, amma a manyan gaɓoɓi babu tsokar miƙewa, matsin ruwan jiki ne ke tura ta ta miƙe. In ƙishirwa ko rauni suka rage ruwan sai ƙafafu su naɗe. Wannan ita ake gaggauta wa, a kai bakinta ga ruwa. Mai rigingine kuwa aikinta take yi. Ƙoƙon gaba zai ɓalle ta gefe, ta yi ta matsa jiki tana sassautawa, tana zaro ƙafafu takwas sannu a hankali daga tsofaffin kubensu, tare da fiƙoƙi, da rufin huhunanta huɗu, har da shimfiɗar maƙogwaro. Ƙafar da ta taɓa cirewa ma a nan take dawowa, siririya da farko, ta cika a saɓa ta gaba. Babba takan ɗauki awoyi, wani lokaci yini guda. Duk tsawon lokacin nan ba a taɓawa, ba a girgiza benci, ba a fesa ruwa, kuma tun farko an tabbatar babu gyare ko ɗaya a ciki, domin gyaren da jiya abinci ne, yau yana iya cin ta da ranta.

In ta fito, fiƙoƙinta fari fat suke, su koma ja, sannan baƙi, kuma sai sun yi baƙi ake ba ta abinci, mako ɗaya zuwa biyu ga babba. In aka yi gaggawa fiƙa ta lanƙwashe, ta rasa abin farauta har saɓa ta gaba. Tsohuwar fatar ma ba a yar da ita. A jiƙa ta da ruwa da ɗigon sabulu, a buɗe fatar tumbi da tsinke, a duba tsakanin huhunan gaba biyu. In akwai 'yar jakar ajiyar maniyyi, mace ce. In wurin a shafe yake, namiji ne. Da wannan mutum ke sanin ko abokiyar zaman shekara 30 gare shi ko baƙon 'yan shekaru.

Tambayar da kowa ke fara yi ta cizo ce. Wanda ya fi shan wahalar amsa ta shi ne William Baerg, malamin ilimin ƙwari a Jami'ar Arkansas, wanda ya fara bin tarantulan da ke kewayen Fayetteville tun 1918, ya fitar da littafinsa a kansu a 1958. Da gangan ya riƙa sa su cije shi a yatsa don ya auna dafin, abin da ya samu kuwa a wajen mai ruwan ƙasa ɗan zafi ne da ba ya daɗewa. Har yau ba a tabbatar da mutuwar mutum ko ɗaya daga dafin tarantula ba. Kunamar da ke ƙarƙashin tabarma ta fi ta abin tsoro nesa ba kusa ba. Makaminta na yau da kullum gashi ne. Tarantulan nahiyar Amurka suna da wani gashi mai ƙayoyi a bayan tumbi, in ransu ya ɓaci sai su karce shi da ƙafar baya ya tashi a iska. Shi ne asalin sanƙon nan. A fata ƙaiƙayi ne na 'yan kwanaki. A ido babbar magana ce: a 2009 likitocin asibitin St James da ke Leeds a Ingila sun karɓi wani mutum da ya yi makonni da jan ido, sai da aka duba da madubin ƙara girma aka ga gashin tarantularsa a soke cikin idon, yana share akwati abin ya same shi. Shi ya sa ba a kai fuska bakin akwati. Wanda abin ya shiga idonsa kuma kada ya murza, ya nufi sashen ido na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke nan kan Titin Zariya.

Hotunan intanet cike suke da masu ɗora ta a kafaɗa da fuska. Manyan masu kiwo ba sa yi, kuma ita suke ji wa tsoro. Ba ta samun komai daga ɗauka, ba ta jin daɗin shafa. Numfashi ɗaya ya huro mata sai ta zabura, mai riƙe da ita ya firgita ya yarfe hannu, kiwon shekara 15 ya fashe a kan siminti. In dole sai an matsar da ita, kofin roba ake karkatawa a gabanta, a taɓa ƙafar baya da burushi mai laushi, ta taka da kanta ta shiga, a zura kwali a rufe.

Afirka ta Yamma ma tana da nata tarantulan, sai dai su ba su da gashin ƙaiƙayi, don haka fiƙa ce maganarsu ta farko. Mai zanen tauraro ta Togo da Gana, da mai gashin ƙafa da ke zama a kan kwakwar manja, suna da sauri, cizonsu kuma na sa ciwo da ɗaurewar jijiyoyi na kwanaki. Ba a ba ɗan koyo su. Wata ƙatuwa da masanin Ingila Reginald Pocock ya bayyana wajajen 1900, ya sa mata suna Hysterocrates hercules, daga Jebba aka kai masa ita, a bakin Kogin Kwara. Mambilawa na tsaunukan Taraba da ƙetaren iyakar Kamaru sun daɗe da sanin yadda ake zama da danginta. Kamar yadda mai bincike David Zeitlyn ya rubuta bayan zamansa a garin Somie na Kamaru, sukan nemi ramin da gizon ke ciki, ko su tono shi su mayar da shi wani rami mafi kusa, su kife tsohuwar tukunyar da aka fasa wa gindi a kai, su rufe da tsingaro. Su don duba suke yi, da 'yan ganyaye masu alamu da gizon ke turawa in ya fito, abin da Musulmi ba ya shiga. Amma ta fuskar kiwo zalla ƙa'idarsu ɗaya da ta mai akwatin gilashi: a bar shi a ƙasarsa, a ba shi duhu, a leƙa ta sama.

Inda kiwon ke da tabo shi ne wajen samo su. Dabbar da ke ɗaukar shekara 8 zuwa 10 kafin ta balaga ba ta jure wa masu tono. Kwasar da aka yi wa mai jan gwiwa ta Meksiko ce ta sa aka shigar da ita yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji a 1985, yadda ba ta tsallake iyaka sai da takarda, kuma Najeriya na cikin yarjejeniyar. Duk da haka ba a fasa ba: a Nuwamban 2024 an kama wani ɗan Koriya ta Kudu a filin jirgin Lima na Peru da tarantula 320 ɗaure a jikinsa. Mai kiwo na ƙwarai yana tambayar inda aka ƙyanƙyashe abin da zai saya, burinsa kuma ya kai ga samar da nasa.

Namiji in ya yi saɓarsa ta ƙarshe sai ya fito da dogayen ƙafafu, da 'yan ƙugiyoyi a na gaba, ya rage ci, ya kama yawo. Abin da ya rage masa a duniya bai cika wuce shekara ba. A kudu maso gabashin Kolorado, a Satumba da Oktoba, mazan kan fito da yamma suna tsallaka tituna suna neman ramukan mata, har garin La Junta ya mayar da abin bikin shekara-shekara tun 2022. A gida kuwa, wanda namijinsa ya balaga ba shi da mace sai ya aika da shi ga mai mace bisa sharaɗin a raba 'ya'ya biyu, tsarin da duk wadda ta taɓa karɓar akuyar kiwo a ƙauye ta san shi. A sa namiji a gefen akwatin mace da dare. Ya buga ƙasa da ƙafafu, in tana so ta amsa da nata bugun ta fito. Ya tokare fiƙoƙinta da ƙugiyoyinsa, ya ɗaga ta, ya gama cikin ƙanƙanin lokaci, ya ja da baya a guje. Mai kiwo na tsaye da kwali a hannu, kuma a nan kaɗai ake son ya yi saurin shiga tsakani, don in amarya na jin yunwa ango ne abincin dare.

Bayan watanni, in an dace, ta saƙa farin ƙunshi ta zuba ƙwai ɗaruruwa, wani lokaci har kusan 1,000, ta yi ta juya shi tana gadi kusan wata biyu. In aka cika leƙe sai ta cinye shi. 'Ya'yan in sun fito ba su kai santimita ɗaya ba, kuma da sun fara ci sai su fara cin juna, saboda haka dole a raba su: kowanne da 'yar robarsa, da 'yar ƙasarsa, da hujin iska da aka huda da allura, da ƙafar gyare ɗaya a mako, tunda su ƙanana ba sa ƙin matacce. A liƙa wa kowace roba takarda mai sunan iri da ranar ƙyanƙyashewa, a ware rabin mai namiji a aika masa, sannan a fara neman waɗanda za su karɓi sauran, domin ba mai iya riƙe roba 400 har shekara 8.